An Yaye Mu da Furfura

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Ƙyanƙyasa da Renon Ƙananan Sana'o'i,
Hawa na uku, ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa sai da takarda.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata da dukkan fayilolin da ke ƙarƙashin kulawarka. Ka gafarce ni da na rubuto maka a fili inda kowa zai karanta. Sau huɗu ina zuwa ofishinka. Sau biyu aka ce kana taro, sau ɗaya aka ce ka tafi taro, a na huɗun kuma aka ce yanzu ka dawo daga taro kana hutawa. Da na ga yadda tarurruka suka sa ka a gaba sai tausayinka ya kama ni, na ce bari in rage maka wahalar ganina.

Ni ne mai gyaran keken ɗinki da ke benci na uku daga ƙofa, a tsohon siton nan na bayan tashar mota, wanda ofishinka ya karɓi ragamarsa shekara biyu da suka wuce, ya shafe shi da koren fenti, ya raɗa masa suna Cibiyar Ƙyanƙyasar Sababbin 'Yan Kasuwa. Mu dai har yau Sito muke ce masa, ba don raini ba, sai don sunan naku ba ya ƙarewa kafin numfashin tsoho ya ƙare. Shekarata ashirin da bakwai a kan bencin nan. Mu bakwai ne a ciki, bencinanmu sun bi bango sun zagaye. Tela yana damana, Mai Aski yana haguna, sai Mai Agogo, sai Mai Makulli, sai Goggo mai saƙa. A bakin ƙofa kuma akwai Mai Zif, wadda watanta bakwai da zuwa. Ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe goma sha biyun rana, bisa umarnin ofishinka, mu shida tsofaffi za mu miƙa makullai mu fita, a bar Mai Zif ita kaɗai a ciki. A kan wannan na ɗauki alƙalami, amma tarbiyya ba ta bar ni in fara da kuka ba, sai na fara godiya.

Kafin zuwanku muna cikin duhun kai, ba mu ma san sunan abin da muke yi ba. Idan mutum ya shigo da sana'a a hannu ba shi da wurin zama, sai mu ba shi bencin bakin ƙofa, inda duk mai shigowa sai ya wuce ta gabansa. Abin da ba shi da shi na aiki, ya miƙa hannu ya ɗauka a bencin kusa. Kowannenmu kuma idan ya sallami mai kawo aiki sai ya nuna masa ƙofa da haɓa, ya ce a gwada wancan, hannunsa da kyau. Haka wani mai gyaran fanka ya zauna shekara uku, yau ga shagonsa can a tsallaken titi. Haka wata mai ɗinkin labule ta yi shekara ɗaya da rabi ta tashi. Ba mu taɓa cewa kowa ya tashi ba, mutum shi yake jin ranar da ƙafarsa ta yi ƙwari. Mu duk a zatonmu zaman tare ne kawai, sai da jami'inka ya zo, wanda muke kira Mai Fayil, ya wayar mana da kai cewa ƙyanƙyasa ce muke yi ba bisa ƙa'ida ba. Mun gode da wannan ilmi. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, na jera su da lamba domin na lura a ofishinku abin da ba shi da lamba ba ya shiga ido.

Na ɗaya, allon da kuka kafa mana. Ban taɓa ganin allo mai kyansa ba. An rubuta da manyan baƙaƙe, Muna Haskaka Ƙananan Sana'o'i, ga hoton fitila a gefe. Abu ɗaya ne kawai, an kafa shi daidai kan tagar gabas, wadda ita kaɗai ce Mai Agogo yake ganin cikin agogo da ita. Tun daga ranar da tocilan a baki yake aiki, shi ya sa in ka gaishe shi sai dai ya ɗaga maka gira. Mai Fayil ya ga haka ya rubuta a rahoto cewa bawan Allahn nan ba shi da fara'a ga abokan ciniki, yana bukatar horo. Shin, ranka ya daɗe, akwai fom ɗin da ake cikawa a matsar da haske gefe kaɗan, ko don mu riƙa gani?

Na biyu, horon. Kwana uku kuka rufe Sito, aka ture kayan aikinmu jikin bango, aka shigo da kujerun roba sittin saboda mu shida. Aka kawo wani malami mai ƙamshin turare ya koya mana haɗin kai. Darasin farko ya ce kowa ya tashi ya gaisa da na kusa da shi, ya faɗa masa sunansa da sana'arsa. Mai Aski ya miƙe ya ba ni hannu cikin ladabi ya ce shi mai aski ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana kallon tsakiyar kaina, wanda shi ya fara ba ni labarin sanƙona kafin madubi ya sani. Na ce masa na ji daɗin haɗuwa da shi. A rana ta biyu malamin ya bayyana mana fa'idar yin tarayya a kayan aiki, ya zana da'ira a allo da kibiyoyi suna bin juna. Muka saurara da kyau, mu da butar shayinmu ɗaya ce, tsaninmu ɗaya, almakashi mai kaifi ɗaya wanda har yau ba a san na waye ba. A rana ta uku aka ba mu takardar shaidar mun iya zama da juna. Masu kawo aiki da suka zo a kwanakin nan suka tarar da ƙofa a rufe sun tafi wani wuri, wasunsu har yanzu ba su dawo ba, wataƙila su ma suna can ana horar da su. Kujerun robar kuma suna nan, an jera su har rufi, sun cinye rabin Sito na baya.

Na uku, hoton. A nan dole in gabatar maka da Mai Zif, duk da cewa ka san fuskarta, tunda tana rataye a bayan teburinka, na hango ta ta ƙofa a zuwana na biyu. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai. Shekara goma sha tara tana ɗinka zif a kamfanin jakunkuna, rana ɗaya aka rufe kamfanin aka ce kowa ya kama gabansa. 'Ya'yanta uku, biyu suna makaranta. Ta shigo mana da almakashi ƙarami da ledar zif kala-kala, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa, ta ce ko akwai inda za ta ɗan raɓa. Tela yana da wani tsohon keke a ƙarƙashin benci wanda ya girmi Mai Fayil, na kwana biyu a kansa, na canja masa bel da kwarkwaro, ya tashi. Goggo ta ba ta zare. Mai Aski kuwa ya ɗauki wata ɗabi'a, ba ya cire wa mutum ƙyalle daga wuya sai ya tambaye shi, “Jakarka tana rufuwa kuwa?” Za ka yi mamakin yawan mutanen da ke yawo a garin nan da jaka a wangale, ranka ya daɗe. A wata na uku ta daina kallon ƙasa, a na biyar har ta fara yi wa Mai Makulli tsiya kan tumbinsa.

A wata na shida Mai Fayil ya zo da mai hoto. Suka manna takardar ofishinku a jikin keken Tela, suka ce ta ɗora hannu ta yi murmushi, mu kuma mu matsa baya don kada furfura ta shiga hoto. Da aka buga, sai muka ga an rubuta a ƙasa cewa ga ɗaya daga cikin waɗanda Cibiya ta bai wa kayan aiki. Tela dai ya tambaye ni a hankali ko wannan yana nufin daga yau ku za ku riƙa sayen man keken. Ba mu yi fushi ba. Hoton ya yi kyau, kuma ita ma ta saya wa kanta ɗaya.

Na huɗu, wanda da shi ya kamata in fara, kunya ce ta sa na tura shi nan. Wata guda da ya wuce Mai Fayil ya kawo takarda mai hatimi. A Sito duk takardar da ta zo ni ake miƙa wa, domin ni ne na yi nisa a makaranta, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Na sa tabarau, na gyara murya, na karanta musu cewa ofishinka yana farin cikin sanar da mu an zaɓe mu shida cikin rukunin farko da za a yaye, ranar Alhamis, a gaban manyan baƙi, kowa ya zo da iyalinsa.

Goggo ba ta ɗago daga saƙarta ba. Ta ce, “Ni dai yayen da na sani, raba yaro ake yi da abin da yake sha.” Ni kuwa na yi mata dariya, dariyar mai ilmi. Na ce Goggo wancan yayen gida ne, wannan na makaranta ne, wanda ake sa wa mutum riga a tafa masa a ɗauke shi hoto. Na ce karramawa ce, bayan shekaru an ga wahalarmu. Na faɗa da ƙarfi har da buga benci, kuma suka yarda, domin ban taɓa karanta musu takarda ta zama wani abu daban ba.

Da ka ga shirin da muka yi, da kai ma ka ji daɗi. Tela ya ajiye ɗinkin mutane ya yi mana riguna shida iri ɗaya. Mai Aski ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har Mai Makulli da ba shi da abin askewa sosai sai da aka zagaye masa ƙeya. Goggo ta saƙa wa kowa ɗan fure na maƙalawa a ƙirji, har da ita da take shakka. Mai Zif ta share Sito ta goge tagogin da allo ya bar mana, tana ta cewa ita ma Allah ya nuna mata ranar tata. Maiɗakina ta zo, 'yata ta ɗauki hutun kwana ɗaya a wurin aikinta ta zo. A ranar ce kaɗai na taɓa ganinka ido da ido. Ka yi jawabi mai daɗi, ka ce daga yau mun tsaya da ƙafafunmu, muka tafa har tafin hannu ya yi zafi. Aka kawo rajista, ni na fara sa hannu, na miƙa wa Tela alƙalami na nuna masa layin da yatsa. Ka ba ni hannu, ka ba ni takarda mai ruwan zinariya a gefe, ka ce ka taya ni murna. Hannunka da laushi, Allah ya ƙara masa.

Da muka koma gida da la'asar, 'yata ta ɗauki takardar tana aunawa don a yi mata gilashi a rataye. Ta juya ta, ta duba bayanta. Sannan ta ce, “Baba, ka karanta bayan kuwa?” Ban karanta ba. Wa yake karanta bayan takardar yabo? A can ƙasa, da rubutun da sai na ɗora tabarau kan tabarau, an ce wanda aka yaye zai kwashe kayansa ya miƙa makulli cikin kwana talatin domin a bai wa sababbi wuri, kuma sa hannu a rajista yarda ne. Furen Goggo yana ƙirjina lokacin. Maiɗakina ta zo ta cire mini shi.

Washegari ni na faɗa musu, a tsaye, ba gyaran murya. Na so a ce wani ya zage ni, da na ji sauƙi. Babu wanda ya yi. Mai Makulli ya dubi makullin Sito da ke hannunsa, wanda shi ya yanka shi, shi ya yanka na kowa, ya mayar aljihu. Goggo ta ci gaba da saƙa har wajen azahar, sannan ta ce, “Malam, yau babu abin da za ka karanta mana?” Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba ta sake ni ba. Laifin karatu nawa ne, na ɗauka. Amma rubutun bayan takarda ba hannuna ba ne.

Ina da 'yar tambaya kan kalmar, don ƙaruwar ilmi kawai. Kun ce ƙyanƙyashe mu kuka yi. To abin da aka ƙyanƙyashe, yaushe aka fara yaye shi? Na tambayi mai sayar da kaji na bakin tasha, ya ce shekararsa talatin a harkar bai taɓa gani ba, amma in ofis ya ce ana yi to ana yi. Sannan na tambayi Mai Fayil yadda aka yi mutum mai shekara ashirin da bakwai a benci ya shiga sahun yaye. Ya buɗe fayil ya nuna mini cewa a wurinku an haife mu ne ranar da aka shafa koren fenti. Da na lissafa sai na ga kun yi daidai, shekara biyu cif, lokacin yaye ya yi. Sai dai a iya sanina idan an yaye yaro abinci ake ba shi, ana kuma barinsa a gidan. Ko a sabon tsari har ɗakin ake karɓewa?

Na biyar. Kada a ce muna ƙyashin sababbi. Mai Fayil ya ce mutum arba'in ne suka cika fom suna jiran wuri, mu kuwa muna marhabin da su, mun saba. Da za a fitar da kujerun robar nan sittin, benci takwas zai shiga ba tare da an taɓa kowa ba. Na faɗa masa haka, ya ce kujerun kayan horo ne, idan aka fitar da su a ina za a zaunar da sababbi a koya musu yadda ake samun abokan ciniki? Na dai san mutane ba sa shigowa Sito don ganin fenti. Wanda makullinsa ya ɓata ne yake shigowa, da wanda sumarsa ta taru, da wanda agogonsa ya tsaya, kuma duk ta gaban bencin bakin ƙofa suke wucewa.

Mu tsofaffi ba za mu mutu ba. Mai Aski zai koma wajen ɗansa, Goggo za ta yi saƙarta a gida, ni ma ina da wata 'yar baranda. Za mu watse, shi ke nan. Mai Zif ce ba ta da inda za ta. Tela ya ce zai bar mata keken, kyauta. Mai Fayil ya duba jerin kayan Cibiya ya ce babu keke a ciki, kuma duk abin da ba ya cikin jerin dole ya fita ranar Litinin. Tela ya nuna masa takardar ofishinku da ke manne a jikin keken. Ya ce wannan ta hoto ce. Ta kai shi gida kuma ba zai yiwu ba, ɗaki ɗaya gare ta a saman bene, ita da yara uku, babu mai wucewa ta nan sai mai neman wani. Ranar da ta ji haka ta zauna kusa da ni tana juya almakashinta, ta ce, “Baba, ni ba ma keken nake ji ba. Wa zai riƙa tambayar mutane ko jakarsu tana rufuwa?” Daga nan ta tashi ta sami Mai Fayil ta roƙe shi a yaye ta tare da mu, ta bi duk wanda ta samu. Ya ce lokacinta bai yi ba, saura wata goma sha bakwai. Ta fara kallon ƙasa kuma, ranka ya daɗe. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni, ba bencina ba.

Na shida ba ƙorafi ba ne, albishir ne. Tun ranar da 'yata ta juya takardar nan na ɗauki alkawarin ba zan sake barin takarda da baya ba. Na je na karɓi duk abin da ofishinka ya taɓa bugawa, na karanta gaba, na karanta baya, na ɗaga wasu a rana ko akwai rubutu a tsakiya. A littafin ƙa'idojinku, shafi na goma sha ɗaya, na sami wannan: sabon ɗan kasuwa shi ne duk wanda bai cika wata goma sha biyu da fara sana'ar da ya rubuta a fom ba. Ba a ambaci shekarun haihuwa ba, ba a ambaci furfura ba. An kuma ce wanda yake da shaida daga mazaunin Cibiya shi ake fara bai wa benci. Na karanta wa mutanena sau uku, wannan karon Goggo ta sa jikarta ta sake karantawa kafin ta yarda, ban kuma ga laifinta ba.

Saboda haka muna farin cikin sanar da kai cewa tun ranar Laraba kowannenmu ya bar bencinsa, kamar yadda kuka umarta, ya bar sana'arsa, ya matsa benci ɗaya hagu. Tela yanzu mai gyaran keke ne. Mai Aski ya koma agogo, an miƙa masa tocilan, an wanke. Mai Agogo yana yanka makulli kuma ya fara gaishe da mutane da baki. Mai Makulli yana saƙa, ya yi wani abu da ya ce hula ce, mun ƙarfafa masa gwiwa. Goggo ta tsallaka ƙofa ta hau keken Tela. Ni kuma, bawanka, mai aski ne. Kayan aiki ba su motsa ba, kowa ya ba wanda ya gaje shi aro, ciki har da tsohon keken da ke gaban Mai Zif, wanda yanzu kayan sabuwar tela ne. Duk wanda aiki ya kakare masa sai ya waiwaya hagu, wanda ya san aikin yana nan zaune. Ina jin wannan shi ne abin da malamin nan mai turare ya zana da kibiyoyi, sai yanzu muka gane.

Shaida kuwa, mazaunin Cibiya ɗaya ya rage wanda ba a yaye ba. Mai Zif ta zauna a bencinta, mu shida muka yi layi da fom a hannu, ta sa mana hannu ɗaya bayan ɗaya. A inda aka ce ta faɗi abin da ta sani game da mai nema, ta rubuta wa kowa abu ɗaya, cewa bai iya ba amma yana da hali. Ita ce babbarmu a sana'a yanzu, da wata bakwai. Tana yi tana dariya, har ta zo kan fom ɗin Tela, a nan sai da ta tsaya ta goge ido da gefen mayafi kafin ta ƙarasa. Fom shida suna haɗe da kwafin wasiƙar nan da na bari wajen mai gadinka.

Mai Fayil ya zo jiya ya gani. Ya ce wannan wayo ne, ya ce babu wanda zai yarda mu sababbi ne. Ya yi gaskiya a kan abu ɗaya, hukunci naka ne. Idan ka ce a'a, ranar Litinin da sha biyu za mu jera makullai shida a kan teburinsa, ba za mu yi gardama ba, mu ba mutanen rigima ba ne. Tela zai ɗauki kekensa, a bar baiwar Allahn nan da almakashi da leda kamar yadda ta zo, da kujeru sittin su taya ta zama. Sai ka sa a sauke hoton da ke bayan teburinka, ko ka bar shi, yadda ka ga ya fi.

Amma na san kai mutum ne mai adalci, ba za ka yanke hukunci a kan jita-jita ba. Abin tantancewa ɗaya ne, shin mun iya ko ba mu iya ba? In mun iya, tsofaffi ne mu, a kore mu. In ba mu iya ba, sababbi ne mu, ƙa'idarku ta ba mu benci. Don haka nake gayyatarka da kanka ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya, kafin wa'adi ya cika. Kawo yanzu kai ɗaya na taɓa askewa, na Mai Makulli, shi ya sa ma ya fara saƙa da hula. Jinin ya tsaya da wuri, kunnen ma yana nan. Na wasa aska, na wanke ƙyalle, na goge kujera. Idan zuciyarka ta tabbata cewa ni gwani ne da ke ɓoye gwanintarsa, ba ka da abin tsoro, ka zo ka zauna ka ɗaga haɓa. Idan kuwa ka ji a jikinka cewa wuyanka bai kamaci hannun ɗan koyo ba, to mun gode, ka riga ka ba da shaida, sai ka sa hannu a fom ɗin daga nan hawa na uku, ba sai ka wahalar da kanka da saukowa ba.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara tarurruka masu albarka, ya tsare mana kanka da abin da ke kansa.

Naka mai biyayya gaba da baya,

Sabon Mai Aski,
mai kwana huɗu a sana'a,
Benci na huɗu daga ƙofa, Sito.